Gaisuwa Kafin Allura: Yadda Aka Koya Mana Jinyar Masu Taɓin Hankali a Jos

Duk ɗalibin jinya a Najeriya sai ya bi ta sashen masu taɓin hankali kafin hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ba shi lasisi. Yana cikin manhaja, babu tsallakewa. Namu ya faɗo ne a farkon 2023, cikin sanyin Jos ɗin nan da ke sa mutum ya tsaya yana shawara da bokitin wanka. Kashi biyu ne: karatun aji tukuna, sannan fostin, wato aikin koyo a asibiti. Ranar da aka liƙa jadawali ban ga wanda ya yi murna ba. A gidanmu da ke Gangare, kakata cewa ta yi kada in kuskura in shiga wurin ba alwala, kada kuma in bari miyan majinyaci ya taɓa ni. Wata ƙawata 'yar Angwan Rukuba, man zaitun da fasto ya yi wa addu'a mahaifiyarta ta cusa mata a jaka. Wasu 'yan ajin kuwa tuni sun yanke hukunci cewa duk nas ɗin da ta daɗe a wannan sashe, ita ma sai kanta ya ɗan juye.

Malamar da ta ɗauke mu dattijuwa ce 'yar wajen Pankshin, ta yi karatun ƙwarewa a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ta kuma shafe shekaru tana aikin kafin ta koma koyarwa. Mama muke ce mata. Hausarta irin ta Filato ce, mai saurin gaske, ba ta damu da namiji ko mace a cikin jimla ba, amma babu karin maganar da za ka jefa mata ba ta mayar maka da biyu ba.

A darasin farko ba ta buɗe littafi ba. Ta yayyaga takarda ta rarraba, ta ce kowa ya rubuta abin da ake cewa yana kawo hauka a gidansu, ban da suna, ban da abin da aka karanta a makaranta. Ta tattara a kwali, ta riƙa ciro ɗaya ɗaya tana karantawa. Aljanu. Sammu. Maita. Jifa. Bakin uwa. Wiwi. Karatu ya yi yawa. An taka abu a mararraba. Kishiya. Ajinmu akwai Hausawa da Fulani, akwai Birom, Angas, Tarok, Mwaghavul, akwai Ibo da Yarbawa haifaffun Jos, amma da takardun suka ƙare ba za ka iya rantsuwa wacce ta fito daga gidan Musulmi wacce daga gidan Kirista ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "'Ya'yana, wannan kwalin shi masu jinya za su shigo muku da shi. Ku ma da shi za ku shiga. Gara mu san abin da ke ciki."

Tarihi kuwa ta bi ta kansa da sauri, sai dai ta tsaya a wurare biyu. Na farko doka. Tun 1916 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar da ke kallon mai taɓin hankali a matsayin wanda za a tsare, aka sabunta ta a 1958, kuma ita ƙasar nan ta yi ta ja har sai a watan Janairun 2023, daidai lokacin da muke ajin, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2021. Sabuwar ta yi maganar haƙƙin majinyaci, ta kuma haramta ɗaure shi da sarƙa. Na biyu shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: maimakon a kulle majinyata, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, su riƙa zuwa karɓar magani da rana. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Mama ta ce kada wani ya zo ya ruɗe mu cewa mutunta al'adar majinyaci sabon abu ne da aka kawo daga Turai, ɗan ƙasar nan ne ya koya wa duniya.

Gardamar da ta fi ɗaukar lokaci a ajin ita ce ko tausayi abin koyarwa ne. Wani ɗan ajinmu, mai son musu, ya ce halitta ce, wanda Allah bai ba shi ba ko littafi nawa ya haɗiye ba zai samu ba. Mama ta ce ta yarda. "Zuciya ba tawa ba ce, ban iya zuba muku komai a ciki ba. Amma zan iya hana ka tsayawa a kan mutum kana magana da wansa kamar shi ba ya wurin. Zan iya sa ka jawo kujera ka zauna. Wannan ina da maki a kansa."

Kuma da gaske take. Tana da takardar maki da ta tsara da kanta, kuma abu na farko a kai gaisuwa ce. A jera kujeru biyu a gaban aji, ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya nas. Karatunmu duka da Turanci ne, amma wannan gwajin da Hausa ta ce a yi shi, don da Hausa za a yi a asibiti. Ka yi sallama ko ka ce sannu, gwargwadon wanda ke gabanka. Ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi mutanen gida, sannan jiki. Ka faɗi sunanka da cewa kai ɗalibi ne. Ka tambaye shi yadda yake so a kira shi. Dattijo Baba ne ko Malam ko Alhaji, kuma "ku" ake ce masa, ko da an kawo shi tsirara daga bakin kasuwar Terminus. Wanda ya fara da "me ke damunka" ya faɗi, ya koma ya sake. Wanda ya ce "mai gado na shida" ya faɗi. Da farko abin dariya yake ba mu, manya da mu ana koya mana ina kwana. Sai da muka shiga asibiti muka ga yadda gaggawa ke cinye gaisuwa, har mutumin da a gida ba zai wuce dattijo bai rusuna ba ya zo yana yi wa sa'an kakansa tsawa.

Abu na biyu shi ne rubutun hira, kuma shi ya fi wahalar da mu. Bayan ka zauna da majinyaci, sai ka koma gefe ka raba shafi gida uku: abin da ya ce, abin da ka ce, da abin da ka ji a ranka lokacin. Kalma da kalma, iya abin da ka tuna. Wannan hanya ta samo asali ne daga koyarwar Hildegard Peplau, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka da tun farkon shekarun 1950 take cewa hulɗar nas da majinyaci ita kanta magani ce. Mama takan kwashi takardun ta tafi da su gida, ta dawo da su ja wur da biro. Abin da ta fi zagayewa a takardun kusan kowa shi ne "ka yi haƙuri" da "sai addu'a". Ba wai ta hana ba ne, ita kanta mai yawan addu'a ce. Abin da take nuna mana shi ne inda suke faɗowa. Mace ta ce tun da ɗanta ya rasu ba ta ga amfanin zamanta a duniya ba, sai ɗalibi ya yi wuf ya ce ta yi haƙuri kowa da ranarsa, sai a layi na gaba ka ga ta ce "haka ne", hira ta mutu. A gida na uku kuwa, in ɗalibin mai gaskiya ne, za ka ga ya rubuta cewa tsoro ya ji. To, kansa ya ceta ke nan, ba ita ba. Abin da ake so shi ne ka iya yin shiru, sannan ka tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Yawancinmu mun ɗauka tambayar za ta sa mata tunanin. Ba ta sawa. Sauƙi ma take kawowa, don an samu wanda bai gudu ba. Da nauyi dai, musamman a wurin da addinan biyu suka yi tir da abin, ga kuma, a lokacin, sashe na 231 na kundin dokokin laifi na Arewa, wato Penal Code, da ya sa yunƙurin ya zama laifin da kan kai mutum gidan yari har shekara guda. Wa zai faɗa maka irin wannan in ya ga fuskarka a ɗaure?

Da muka fara fostin, ƙarancin takardun naira ya kai maƙura. Masu jinya na kwana a layin banki su dawo hannu rabbana, magani kuma ba ya jira. A wannan hali aka raba mu ɗakin maza da na mata, aka ba kowa majinyacin da zai bi.

A nan ne na gane dalilin da ya sa Mama ta nace a kan gwajin yanayin hankali. Jerin abubuwa ne da ake dubawa: shiga da tsafta, yadda mutum ke magana, yanayin ransa, tunaninsa, ko yana ji ko ganin abin da babu, ko ya san inda yake da ranar da ake ciki, ƙarfin tunawa, da ko ya yarda ba shi da lafiya. A littafi abin a miƙe yake. Amma littafin ba a ruga aka rubuta shi ba.

An kwantar da wata Bafulatana daga wata ruga ta wajen Toro, 'yan makonni bayan ta haihu. Ɗalibar da ke bin ta ta rubuta cewa ba ta haɗa ido, ba ta san kwanan wata ba, ta manta sunan mijinta da na ɗanta na fari, ta kasa cire 7 daga 100. In aka bi wannan rubutu, matar ta yi nisa. Mama ta karanta, ta yafito mu muka bi ta. Ta jawo benci ta zauna ƙasa da gadon kaɗan, ta gaishe ta da 'yar Fulatancin da ta iya, har matar ta murmusa. Sannan ta koma Hausa.

"Inna, saura kwana nawa a kama azumi?"

Ta faɗa, kuma daidai.

"Babban naki, wa ke bi masa?"

Ta jero yaran har jaririyar, kowa da shekarar da aka haife shi, wannan da damina, wancan shekarar da shanu suka yi ciwon baki. Na farin ne kawai ta tsallake, kamar yadda kowace mai kunya za ta yi.

"In kin sayar da nono na naira 300 aka miƙo miki 500 fa?"

Ta ɗago ta dubi Mama kamar an raina ta, ta ce 200, in dai akwai canjin a garin nan yanzu. Duk muka yi dariya, har da ita.

Matar ba ta da lafiya, babu shakka. Ba ta barci, tana jin muryoyi na ce mata jaririyar ba tata ba ce, kuma saboda haka aka kwantar da ita. Amma sunkuyar da kai ladabi ne, ɓoye sunan miji da ɗan fari kunya ce, kalandar bature kuma ba da ita take lissafi ba. Da an bar waɗannan a fayil a matsayin alamun ciwo, da likita ya ɗora magani a kan abin da ba ciwo ba.

Haka batun sammu. Wanda ya ce an yi masa sammu bai zama mai ruɗin tunani ba don wannan kaɗai, in ba haka ba rabin garin Jos sai a ba su gado. Abin da ake dubawa shi ne ko abin da ya yi imani da shi ya fita daga abin da mutanensa suka sani. Hanyar ganewa kuwa ita ce ka tambayi dangi. Wan wani majinyaci ya taɓa ba ni amsar da ta fi ta littafi: "Sista, mu ma mun san akwai sammu. Amma shi nasa ya wuce nan, cewa yake mai karanta labarai a rediyo da shi yake magana."

Akwai tambayoyin da aka ba mu mu riƙa yi wa kowa. Wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Harvard, Arthur Kleinman, shi ya fito da irinsu tun shekarun 1970, kuma a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa tambayoyi 16 masu wannan manufa a kundinta na gano cututtuka. Mama ta taƙaita mana su yadda za su shiga baki: Ku a ganinku mene ne wannan? Me ya kawo shi, kuma me ya sa yanzu? Ina da ina kuka je kafin nan? Me aka ba ku? Me kuka fi tsoro? Me kuke so mu yi muku? Ta uku ita ce mai tsada. Da wuya ka ga wanda asibiti ne zangonsa na farko. An je wurin mai ruƙiyya ko gidan addu'a, an je wurin boka a ɓoye, an sha jiƙe-jiƙe, an sayar da akuya. In ka yi tambayar da fuskar zargi, cewa za su yi ba su je ko'ina ba, kai kuma ba za ka san abin da ke cikin majinyacinka ba. Ta kuma gargaɗe mu, mu Hausawan ajin musamman, cewa mun fi shiga haɗari da namu mutanen, don wanda yake ganin ya san al'ada ba ya tambaya. Bahaushen Gangare da na ƙauyen Ningi ba abu ɗaya suke nufi da iska ba, ɗan Izala da ɗan ɗariƙa kuma ba ra'ayinsu ɗaya a kan rubutun sha ba.

Wani dare ina duti a ɗakin maza, sai ihu ya tashi daga gadon wani saurayi da aka kawo kwanan nan bayan ya daɗe yana haɗa tramadol da wiwi. An fara masa maganin taɓin hankali mai suna haloperidol. Muka tarar wuyansa ya murɗe gefe guda, idanunsa sun kafe sama, harshe ya fito, miyau na zuba. Mahaifiyarsa, wadda aka bari ta kwana a baranda, ta riƙe ƙafarsa tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, tana cewa sun dawo, dama an faɗa mata asibiti ba ya maganinsu, a buɗe mata ƙofa ta tafi da ɗanta.

Sistar da ke dutin ta san abin tun daga bakin ƙofa. Illar maganin ce, takan kama samari a kwanakin farko, tsokoki su ƙage. Ta tura ni in kira likita, ta haɗa allurar da ya ce. Abin da na riƙe shi ne yadda ta yi da uwar. Ba ta ce mata babu aljanu ba, ba ta kuma ce ta yi shiru ba. Ta dafa ta ta ce, "Hajiya, ku ci gaba da karatunku, kada ku tsaya. Amma ku saurare ni da kunne ɗaya. Wannan daga maganinmu ne, mu muka jawo, kuma muna da makarinsa. Ku duba agogon can. In bai saki ba kafin doguwar ta kai sha biyu, ni da kaina zan nemo muku mota." Aka yi allurar. Uwar na karatu, idonta na kan agogo. Wuyan ya fara saki tun kafin lokacin, yaron ya fashe da kuka, ya ce yana jin duk abin da ake yi, magana ce ta gagare shi. Da safe aka rage maganin, aka ƙara masa Artane, mai rage irin wannan illa. Hajiya ba ta canja ra'ayinta a kan aljanu ba, babu kuma wanda ya nemi ta canja. Amma ta zauna, kuma daga ranar duk ƙwayar da za a ba ɗanta sai ta tambayi sunanta da aikinta.

Irin wannan sulhu ake yi kullum a ɗakin. Rubutu in da ruwa mai tsabta aka wanke, a sha. Tofi da man addu'a babu mai hanawa. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, a'a. Hayaƙi, a'a. Laya mai igiya a wuyan wanda ake tsoron zai cutar da kansa ba a barinta, amma ba a jefar da ita; a cire igiyar a ɗinke layar a cikin aljihun rigarsa. Carbi ma haka, na Musulmi ko na 'yan Katolika, a ajiye masa, a tuna masa yatsu ma suna ƙirga. Da azumi ya kama, ga kuma Kiristoci na cikin nasu na kafin Ista, sai sabon aiki ya taso. Wasu magungunan likita na iya mayar da su sahur da buɗa-baki. Amma mai shan maganin da ake kira lithium, rashin ruwa a jiki na iya sa maganin ya taru ya zama guba. Irin wannan ba nas ce za ta yi masa fatawa ba. Limamin masallacin asibiti aka kira ya zauna da shi, ya karanta masa rangwamen da aka yi wa mara lafiya, ya fi jin ta daga bakinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka an koya mana cewa duk abin da aka kira al'ada a rungume shi. Akwai wani bawan Allah da aka kawo, idon sawunsa biyu duk tabon mari ne, bayansa kuma shatar bulala, sabuwa a kan tsohuwa. Mama ta tara mu bayan an gama wanke ciwon, ta tuna mana samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutane sama da 300, da yawa a ɗaure, da rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a watan Nuwamban shekarar, wanda ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a gidajen mari, da majami'u, har da wasu asibitoci da cibiyoyin gwamnati. Ta nanata wannan na ƙarshen, don kada mu ɗauka farin kaya ya wanke mu. Ta ce duka, yunwa da sarƙa ba su da addini, kuma aikinmu ne mu rubuta abin da muka gani, mu kai gaba. Sai dai uban da ya kai ɗansa can ba mugu ba ne. Yawanci mutum ne da ya gaji, ya rasa kuɗi, ya ji tsoron kada yaron ya illata wani. In ka wulaƙanta shi, can zai mayar da yaron. Ta kawo misalin binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020: da aka haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare, majinyatan sun fi samun sauƙi a kan waɗanda ba a yi musu haɗin ba. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, wanda ya ce zai yi gaba da malamai da fastoci, majinyata zai rasa.

Akwai kuma abin da sai a Jos. Rikicin 2001, na 2008, na 2010, da bama-baman Terminus na 2014 ba tarihi ba ne a ɗakin nan, suna kwance a kan gadaje. Akwai wanda ƙarar babur ke sa shi shiga ƙarƙashin gado. Akwai majinyaciyar da ta ga hijabina ta juya wa bango fuska, ta ce a kawo mata wata. Akwai kuma dattijon da ya ƙi karɓar magani daga hannun ƙawata saboda sarƙar gicciye a wuyanta. Su ma ɗaliban, babu wanda gidansu bai ji a jikinsa ba. Mama ba ta yi mana wa'azin zaman lafiya ba. Ta ce wanda aka ƙi kada ya yi fushi, kada kuma ya ɓace; ya bar wa abokin aikinsa ba da maganin, shi kuma ya ci gaba da zuwa gaisuwa kowace safiya, ya kawo ruwan wanka, ya tafi. Wani lokaci yana aiki. Matar nan dai har aka sallame ta ba ta yarda na auna mata jini ba, amma ta koma amsa gaisuwata.

A nan zan faɗi nawa ra'ayin. Duk wannan koyarwa tana da kyau, amma tausayi na bukatar hannuwa. Nas biyu a kan ɗaki cike da maza da dare, babu wuta, ɗaya ya tashi da faɗa: ba za a yi zaman tambayoyi shida ba, riƙe shi za a yi a yi masa allura. An koya mana yadda ake yin hakan ba tare da an danne ƙirji ko wuya ba, mutum ɗaya na yi masa magana da sunansa har a gama, a rubuta lokaci da dalili, a riƙa duba numfashinsa, washegari kuma a zauna da shi a faɗa masa abin da ya sa. Na ga inda aka bi wannan, na ga inda gajiya ta hana. Na ga ma'aikatan da bakinsu ya yi kaifi, kuma da na ji shekarun da suka yi a wurin da abin da ake biyansu, da yawan abokan aikinsu da suka tafi Ingila da Saudiyya, sai na rage saurin yanke musu hukunci. Mama ta san da haka. Duk ranar Juma'a da safe takan tara mu a wani ɗan ɗaki, ba maki, ba rubutu, kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai a makon. Har mai musun nan na ajinmu ya yi hawaye a wurin wata rana, a kan wani tsoho da 'ya'yansa suka ba da lambar waya ta ƙarya suka gudu. Ban ga an yi wa ma'aikatan dindindin irin wannan zama ba, kuma su suka fi bukata.

Gwajin ƙarshe na fostin shi ne sallama: a ba ka majinyacin da zai koma gida, ka yi wa shi da danginsa bayani, sista da malama na gefe suna saurare. Ni wata budurwa ce 'yar Bukuru ta faɗo mini, tare da mahaifinta, wani tela mai sanyin magana. Na zana rana da wata a jikin ambulan ɗin magani, na safe da na dare. Muka tsayar da wanda zai riƙa ajiye maganin, ita ta zaɓi yayarta. Na faɗa musu alamun da in sun gani kada su jira ranar asibiti: barci ya ƙaurace, ta daina cin abinci, ta fara magana ita kaɗai. Na ce ruƙiyyar da suke yi su ci gaba, amma duk wanda ya ce a ajiye ƙwaya don an warke, a zo a tambaye mu tukuna, don yawancin masu dawowa ta nan suke dawowa. Na faɗi kuɗin maganin wata guda, uban ya yi lissafi da yatsu, muka nemi likita ya duba ko akwai mai rahusa da zai yi aiki iri ɗaya, aka samu.

Sai uban ya matso, ya rage murya.

"'Yata, akwai maganar aure a kanta. Mu faɗa musu, ko mu rufa?"

Na dubi Mama, ta ɗauke kai tana kallon takardarta. Na ce, "Baba, ciwon nan ba ya hana aure, kuma in ciki ya zo akwai yadda likita zai daidaita magani, in dai an sanar da shi da wuri. Maganar faɗa kuwa, ga mai ita nan zaune." Na juya na tambaye ta. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce ita za ta faɗa masa da bakinta, ba ta son ya ji a gari, amma sai bayan sallah. Uban ya ce to, Allah Ya kai mu. Na rubuta ranar dawowa a katinta, na ba su lambar wayar sashen, sista ta sa hannu a littafin fostin ɗina.